Ƙafar Inna da Tamin Mai Arha

Shekara tara Lurwanu ya yi yana aikin injiniya a wata masana'antar robobi da ke Birnin Masana'antu na Biyu a Riyad. Kamfani ne ke biya masa inshorar lafiya, wadda a can ake kira tamin, shi da matarsa Muhibba da 'ya'yansu. Ko ciwon kai ne, kati kawai suke miƙawa a duba su. Shi ya sa bai taɓa zama ya karanta takardar tamin ba, ko sau ɗaya.

Da Muhibba ta haihu, sai ya ɗauko mahaifiyarsa, Inna Azumi, daga Zariya da bizar ziyara. Tsohuwa ta haura saba'in, tana da ciwon suga, kuma burinta ɗaya ne: ta yi ɗawafi da ƙafarta kafin ta koma gida. Lurwanu ya yi mata alkawarin Umra da zarar ya sami hutu. Har takalmi mai laushi ya sayo mata a kasuwar Utaiƙa.

To, tamin ɗin kamfani bai haɗa da iyaye ba, dole ya yankar mata nata. A ofishin masu cike takardu aka tambaye shi ko tana da wata daɗaɗɗiyar cuta, aka kuma nuna masa cewa idan akwai, kuɗin zai hau. Gogan naka ko tunani bai tsaya yi ba, ya ce a rubuta babu, a ba shi mafi arha. Wai ai takarda ce kawai ta cika ka'ida. Ya rattaba hannu ya fito, yana jin ya yi wayo.

Bayan wata biyu maganin da Inna ta zo da shi ya ƙare. Ya kai ta wani ƙaramin asibiti kusa da gidansu a unguwar Malaz. Mai karɓar kati ya duba na'ura, ya ce wannan tamin na gaggawa ne kawai, gwajin suga da ganin likita sai dai ya biya daga aljihu. Lurwanu ya ɗaure fuska, ya hau sosa ƙeya. Ba fa rashi ba ne, mota yake son canjawa.

Inna ba ta jin Larabci, amma ta iya karanta fuskar ɗanta. Ga shi ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta buɗe baki ta roƙe shi wani abu.

"Mu tafi gida, Injiniya," in ji ta. "Ni fa lafiyata lau."

Wallahi ya san kara ce take yi masa. Shi ya tashi a hannunta, ya san ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta ce masa tana ciwo ba. Amma da yake maganar ta yi masa daɗi, sai ya karɓa. Ya ce wa ransa ƙarshen wata zai dawo da ita.

Ana nan, wata rana da azahar ta hau saman bene shanya kayan jariri babu takalmi. Zafin daɓen ya ƙone mata tafin ƙafa, ita kuwa ko ji ba ta yi ba, don suga ya riga ya kashe mata jijiyoyi. Da ta ga gyambo, sai ta shafa man kaɗanya ta ja safa ta rufe.

A zafin Riyad tsohuwa tana yawo da safa, tana salla a zaune! Lurwanu ya gani da idonsa. Sau ɗaya ya tambaya daga bakin ƙofa, ta ce lafiya lau, ya yi hamdala ya wuce aiki. Tsoron amsar yake yi, shi ya sa bai ƙara tambaya ba.

Muhibba ce ta ji wari ranar da take gyara mata shimfiɗa. Da ƙyar da magiya Inna ta bari aka zare safar. Yatsu uku sun yi baƙi ƙirin.

A babban asibiti likita ya ce da makonni uku da suka wuce aka kawo ta, da wanki da magani sun isa. Yanzu kam sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Kamfanin tamin kuma ya ƙi biya, ya aiko da takardar da aka rubuta ba ta da wata cuta. Lurwanu ya zura wa sa hannunsa ido har hawaye ya ɗiga a kai. Kuɗin motar ya tafi a aikin, shi ma bai isa ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Inna ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. Duk wanda ya zo dubiya, sai ta ce ɗanta ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka. Shi kuwa ya fi so ta zage shi ko sau ɗaya ne, ko ya ji sauƙi.

Ranar da aka sallamo ta, ya turo ta a keken marasa lafiya har ɗaki. Ta sa Muhibba ta buɗe jakarta, ta ciro takalmin Umrar nan, yana nan cikin ledarsa ko ƙasa bai taɓa ba. Ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

"Ka mayar musu, Injiniya, ko za su karɓa. Kar kuɗinka ya tafi a banza."

Lurwanu ya durƙushe a gaban keken, ya kifa kansa a gwiwarta, ya yi kukan da rabonsa da shi tun yana yaro.

'Yan'uwa, inshorar lafiyar tsoho ba takardar cika ka'ida ba ce. Ku karanta ku san abin da ta ɗauke da abin da ta bari, ku faɗi gaskiyar cutarsa ko da kuɗin zai hau. Idan kuma iyayenku suka ce lafiya lau, kada ku tsaya a bakin ƙofa, ku shiga ku duba da idonku.