Buhun Mudi

Sikelin da ake auna waken suya a kasuwar Funtua, shi Mudi ke hawa kowane mako. Yakan jira sai 'yan dako sun ragu, ya tuɓe takalmi, ya hau yana kallon ƙasa. Ranar farko allurar ta tsaya a kilo ɗari da talatin da ɗaya.

"Buhu guda har da ɗoriya!" in ji Aƙilu, abokinsa mai sikelin, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

Mudi bai yi dariya ba. Rabonsa da dariya tun bara, ranar da ƙasa ta zabtare da shi cikin rami a gaban mutanen garinsu, Tsiga. Sai da ƙarti huɗu suka jawo shi waje yana haki, rigarsa a yage, wasu na toshe baki da hula. Aikin da ya shiga yi, wani ne ya ƙarasa shi.

Malam Abdulwaheed mai kemis, Bayarabe haifaffen Funtua, shi ya koya masa ƙirga kalori. Ya zana masa a bayan kwalin magani: tuwo kaza, ƙosai kaza, lemon kwalba kaza. "Ba yunwa za ka zauna da ita ba," ya ce. "Ci za ka yi, amma da awo." Mudi a aji biyu na sakandare ya tsaya, amma lissafin ya zauna masa.

Malmala uku ta koma ɗaya. Shayi ya rabu da sukari. Man da ke iyo kan miya ya janye, zogale da kabeji suka cika gefen kwano. Bayan asuba yakan bi hanyar Bakori a ƙafa, masu babur na yi masa hon suna tambayar ko mai ne ya ƙare. Wata rana ƙamshin tsire ya kayar da shi, ya ci tsinke shida a tsaye, ya koma gida ya kasa haɗa ido da kowa.

Akwai wani motsa jikin da ba ya cikin kwalin Malam Abdulwaheed. A bayan gidansu akwai tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini, zurfinsa iya ƙugu. Kullum da la'asar Mudi zai sauka ciki, ya rungumo buhun masara daga baki, ya durƙusa a hankali, ya kwantar da shi kamar mai ajiye ƙwai, sannan ya miƙe ya fito ba tare da ya dafa kowa ba. Da farko sai ya rarrafo.

Aƙilu ya leƙa wata rana ya ga abin mamaki. Masu motsa jiki ƙara nauyi suke yi, shi kuwa Mudi kowane wata ɗibar masara yake daga buhun, tiya biyu, tiya uku.

"Ragwanci ne ko dabara?"

"Daidai nake yi," in ji Mudi.

Kafin a cire auduga, maganar ta gama gari: Mudi ya samu mata, ita ta gindaya masa sharaɗi. Da aka gan shi a shagon Sekinat yana sayen farin yadi da kwalbar turare, sai zance ya tabbata.

"Ango, wace mai sa'ar ce?" ta tambaye shi tana ninkewa.

"Ita ta zaɓi yadin," kawai ya ce, kunnuwansa na zafi.

Alkawari kam ya yi, hannunsa cikin nata. Ta ce shi take so, ba wani ba. Ya ce in Allah ya yarda ba zai sake ba da kunya ba. Malam Abdulwaheed ya ce in ya sauko casa'in, gwiwarsa za ta ɗauke shi. Abin da ba wanda ya iya faɗa masa shi ne ko za a jira shi.

A gida, Inna, mahaifiyarsa, na kwance kan tabarma a inuwar darbejiya. Ita ma kwanonta dawowa yake da saura. Duk ranar awo takan ɗaga kai.

"Saura nawa, ɗan nan?"

"Tara, Inna."

"To, ka ɗan yi hanzari."

Ya yi. Ya ƙara tafiyar har gadar da ke gaba, ya dawo a jiƙe. Tela ya rage masa riguna sau biyu. Allurar ta ce casa'in da huɗu, sannan da biyu. Aƙilu ya daina ihu, sai dai ya buga masa kafaɗa.

Ranar ta zo a wata Alhamis da hantsi, saura kilo biyu. Ƙofar gida ta cika, an shimfiɗa tabarmi, liman ya iso. Farin yadin ya fito daga akwati, ƙamshin turaren ya cika zaure. Jama'a suka ɗunguma, Mudi a gaba, ƙafarsa ba nauyi. Waɗanda suka toshe baki da hula bara duk suna wurin, kowa na kallonsa.

Daf da inda ƙasa ta zabtare da shi ranar da ya kasa sa mahaifinsa a kabari, Mudi ya sauka cikin sabon kabarin, gefen bai ko motsa ba. Ya miƙa hannu biyu aka ba shi Inna, ya durƙusa a hankali, sai ya ji ashe bai rage buhun yadda ya kamata ba, ta fi shi sauƙi.