Ɗan Acaɓan da Ya Ƙara wa Babur Ƙarfi

Tun ɗazu kake nuna mini injin nan na ƙasashen sanyi a wayarka, mai hawa tsaunin ƙanƙara yana feshi, kana cewa masu shi kullum cikin ƙara masa ƙarfi suke. Zauna ka bar kaɗa ƙafar nan, in ba ka misalin wani da ya yi irin haka a ƙasarmu.

An yi wani ɗan acaɓa da ke neman abinci a wani gari a gindin tsauni. Mahaifinsa kuwa yana can ƙauyensu a bisa, ga tsufa ga ciwo, yau da sauƙi gobe babu. Abu ɗaya ne ya hana ɗan nan sukuni: kada ranar da za a neme shi ta zo, hanya ta riƙe shi. Hanyar mutane doguwa ce, tana naɗe tsaunin kamar rawani, da damina kuma taɓo ke cinye ta. Don haka 'yan babur kan hau ta a ayari, in ɗaya ya maƙale sauran su sauka su tura shi. Wannan jiran ne ke ci masa rai. Akwai kuma wata turbar shanu da ta miƙe sak zuwa sama, wadda babu babur ɗin da ya taɓa wuce gindinta. A kanta ya ɗora ido.

Sai ya tare a rumfar makaniki. Aka sa masa fistin mai girma, aka buɗa wa mai hanya, aka canja salansa, aka ɗaura taya mai manyan haƙora. Ya je ya gwada, babur ya ɗan taɓa hawa ya tsaya yana tari. Ya dawo aka sake kwancewa. Wannan karon ya wuce wurin jiya, amma ransa bai kwanta ba, don a kunnensa injin yana da sauran abin da yake ɓoyewa. Mutumin nan ko tuwo yake ci, hannunsa na murɗa totur a iska. In ya ji kukan wani babur a titi sai ya ajiye loma ya kasa kunne, wai ko ya fi nasa. Har makanikin ya gaji ya ce masa, "Kai dai ba ka san ya isa ba." Abokan sana'arsa da ke hawa ƙauye kan sauko su ce tsoho yana cigiyarsa. Shi kuwa kansa na cikin inji, sai ya ce su gaya wa Baba yana nan tafe, saura ƙiris a gama. Damina ta yi nisa, ƙiris ɗin nan bai ƙare ba. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, don son uban ne ya sa shi wannan wahala.

Ran nan da hantsi, bayan an sha ruwan sama, saƙo ya sauko cewa tsoho ya cika, za a yi jana'iza da zarar an sallame azahar. Abokansa suka haɗa ayari don su raka shi. Ya dube su da baburansu masu nishi, ya ga ba zai iya jira ba, ya murɗa totur ya bar su da hayaƙi. Da ya iso mararraba ya saki hanyar mutane ya kama turbar shanu. Babur kuwa bai ba shi kunya ba. Ya haye gindin, ya haye inda makiyaya ke dafa duwatsu kafin su wuce, yana watsa tsakuwa baya, yana ruri. Har ya fara hango rufin ɗakunan ƙauyensu, sai ya taka birki da ƙarfi. Ruwan bana ya yanke turbar, ya haƙa kwazazzabo mai zurfi, ga ruwa ja yana gudu a ƙasa. Ya bi gefen dama yana neman mahaya, ya dawo ya bi hagu, babu. Ya yi nufin juyawa, tayar baya ta nutse a laka, yana ƙara wuta tana ƙara haƙa wa kanta rami, har sarƙa ta tsinke. Ba kowa a wurin da zai tura shi, don ba wanda abin hawansa zai iya kawo shi nan. Da babur ɗinsa na nan yadda yake a da, tun a gindi zai ƙi hawa, ya koma hanyar mutane da sauran lokaci. Ƙarfin da ya ƙara ne ya kai shi inda komawa ta fi zuwa nisa.

Yana tsaye a bakin kwazazzabon ya ji kiran salla ta lasifika daga ƙetare. Can ya ga an fito da makara. An ɗan dakata ana duban hanya, amma hadari ya sake haɗowa, gawa kuma ba ta jira. Mutane suka yi sahu, a cikinsu ya gane abokan nan nasa, wandunansu duk laka har gwiwa. Ya ɗaga murya ya kira, ƙarar ruwa ta shanye kiran. Nan ya cire hular kwano ya ajiye, ya fuskanci gabas shi kaɗai, yana bin kabbarar liman da ido. Yana kallo aka ɗauki mahaifinsa aka nufi maƙabarta, sannan ya juya ya fara gangarowa da ƙafa.

Ka ji abin da ya sa Hausawa suka ce, sauri ya haifi nawa.