Baba Yalla a Kan Dandamali

Kakin ya zauna wa Garzali ɗas, kamar don shi aka ɗinka. Takalmin ma bai nemi a cusa masa tsumma ba. Ya tsaya a bayan labule, yana jiran a kira sunansa.

Shekara biyu ke nan yana karatun wasan kwaikwayo a wata ƙaramar kwaleji da ke gefen Mu'aither, a shekarar da Doha ta rikice da shirin wasannin Asiya. Su goma sha bakwai ne a aji, uku kaɗai za a ba takardar wucewa jami'a. Baƙo irinsa kuwa in ya faɗi, bizar karatu ta ƙare, sai filin jirgi.

Jarrabawar ta Malama Hanan ce, wadda ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Dokarta ba ta da kwana: ka zaɓi mutumin da ba ka sani ba, ka kalle shi sati shida ba tare da ka ce masa uffan ba, sannan ka zama shi na minti goma. Abin da idonka bai gani ba, kada ya hau mata dandamali.

'Yan ajin ne suka zaɓa masa.

"Ɗauki Baba Yalla mana, ai ɗan ƙasarku ne," in ji Osman, sarkin tsokanar ajin.

Baba Yalla wani tsoho ne mai gadin ƙofar kwalejin, mai ɗingishi, wanda Larabcinsa bai wuce "yalla, yalla" da yake kora motoci da shi ba. Sunansa na yanka ba wanda ya taɓa tambaya. Garzali ya taya su dariya, dariyar da ta yi masa ɗaci har yamma, ya ce to.

Sauran ɗalibai suka bazu cikin gari da littattafai, wannan na bin mai shayi, wancan na bin mai faci. Garzali ko biro bai saya ba. Ta ƙofar baya ma ya ci gaba da shiga, yadda ya saba tun ranar farko.

Aka kira shi. Ya fito yana jan ƙafar hagu, ya busa usur, ya ƙame wa motar da babu ita. "Yalla! Yalla!" Ɗakin ya fashe da dariya. Ya kori magen ƙarya, ya yi gyangyaɗi a tsaye ya farka a firgice. Osman har da dukan kujera. Abin yana tafiya yadda ake so, takardar jami'a saura ƙiris.

Sai ya hango shi. Tsohon na tsaye can baya a bakin ƙofa, hula a hannu, shi ma yana dariya. Wannan dariyar ce ta karya Garzali. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, ya tsani kansa da duk mai tafa masa.

Ya ajiye usur. Ya zauna a ƙasa, ya cire takalmin a hankali yana cije leɓe. Ya warware tsumman gwiwa, ya shafa man zafi, ya daɗe yana murzawa. Ya jawo kwanon da babu shi, ya raba shinkafa biyu da gefen hannu, ya tura babban kason zuwa gefe, inda ba kowa.

"Ci abinka," ya ce da muryar tsohon. "Ni na ƙoshi tun a wurin aiki."

Sannan ya juya fuska ga bango, ya sha ruwa kofi biyu don ciki ya yi nauyi.

Malama Hanan ta cire tabarau.

"Wannan na ƙarshen ya fi duk abin da na gani bana," ta ce. "Amma ba a bakin ƙofa ake yin sa ba. In ƙirƙira ka yi, ka faɗi. In kuma ka san mutumin, ka karya doka. A ina ka gan shi?"

Akwai mafita, Garzali ya sani. Zai iya cewa ta tagar ɗakin masu gadi ya leƙa, ta yarda, shi ke nan. Can baya tsohon ya daina dariya. Yana girgiza masa kai, yana roƙonsa da ido ya riƙe alkawarin da shi tsohon da kansa ya ɗora masa: a cikin makarantar nan, ba ka san ni ba.

Garzali ya miƙe da takalmi ɗaya a ƙafa. Har can ƙarshen ɗakin an ji shi.

"Kullum nake gani, Malama. Babban kason nan ni ake tura wa. Sunansa Malam Ayuba, kuma shi ya haife ni."