Ƙafar Ƙadangaren Ruwa

Tsohuwa ta lakato man kaɗanya ke nan 'yarta ta riƙe mata hannu.

"Inna, kar ki shafa masa! Salamanda ne, da fatarsa yake numfashi."

Ƙadangaren ruwan na jikarta ne. Ƙafarsa ta guntule, wani fari-fari kamar auduga ya rufe raunin. Tunda tsohuwa wuni take a gida, aka bar mata sauya masa ruwa da ɗiga magani.

Ƙanƙarar hunturun garinsu na Laurel ta narke, raunin ya rufe, 'yan yatsu suka ɓullo kamar tsiron gero.

Ta daɗe tana kallonsu. Sai ta ɗage zane a hankali, ta yayyafa ruwan nasa a kan dungun ƙafa da ciwon suga ya bar mata.