Shuɗin Furen Tsohuwa Nhan

Da doguwar gora tsohuwa Nhan take ba furen ruwa, daga nesa, kuma ba ta taɓa cire masa ko busasshen ganye ba.

A tudun Da Lat kowa na da haidiranjiya a lambu, furen nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo. Duk na gidan ja-ja ne, ban da wannan na ƙarshen lambu, mai shuɗi har ya so ya yi baƙi. Ta shuka shi ne shekarar da mijinta ya taka nakiyar yaƙi a bakin lambun. Har yau maƙwabta na tsine wa wanda ya binne ta, ita kuwa ba ta taɓa sa baki ba.

Bikin jikarta Loan ya matso, amarya ta kafe sai an yi wa ƙofar biki ado da shuɗi. Uwarta Khuyen, matar ɗan tsohuwa, ta yi abin da kowa ke yi, ta binne ƙusoshi masu tsatsa a gindin nata furen don ya koma shuɗi. Ko gezau.

"Mama, ko reshe biyu a ba ni in dasa."

"Kada ki je wurin."

"Fure ne fa, ba kabari ba."

"Na ce kada ki je."

Khuyen ta ji haushi ƙwarai. Rowa har ta fure, ga jikar cikinta? Ta ƙudura sai ta raba gindin, ta kuma ga takin da ake ɓoye mata.

Ranar cikar wata tsohuwa ta tafi haikali da turarenta. A hanya ta tuna ba ta ga fartanya a jikin bango ba. Ta juyo.

Daga ƙofa ta hango Khuyen a durƙushe cikin shuɗin, ƙasa ta taru a gefenta. Fartanya ta bugi wani abu, ƙwal.

"Ashe ƙarfe ne sirrin," Khuyen ta ce tana dariya. "Duk a kan wannan, Mama?"

Ta sake ɗaga fartanyar.

Tsohuwa ta buɗe baki za ta yi ihu. Shekara da shekaru ta kasa kiran masu cire nakiya, don tambayar farko da za su yi ita ce yadda aka yi ta san wurin. Lokacin yaƙi, tana budurwa, guda biyu ta binne da hannunta, ɗaya ce kawai ta tashi.