Famfon Miliyan Ɗaya da Uku

Tun da ruwa ya yi ƙaranci aka kafa doka a garinmu. Kowa da lambarsa a wuyan hannu, kowane famfo ma da tasa, kuma famfo ba ya zubo maka moɗarka ta yini sai lambarsa ta raba taka a lissafi ba saura.

Ranar da aka yaye Kande, kakarta Iya Tabawa ta goya ta, suka fita neman famfonta. Lambar yarinyar miliyan ɗaya da uku. Famfo na biyu, shiru. Na uku, shiru. Har azahar Iya tana kara ɗan hannun a bakin ƙarfe, ko ɗigo babu.

A na ƙarshe, bayan makabarta, Sallau mai gadi ya daɗe yana duba lambar.

"Iya, wannan ba ta rabuwa. Ɗaya kaɗai ke shiga cikinta, sai ita kanta."

"To nuna mini na ɗaya, ɗan nan."

"Yana bayan katangar manya."

"Nata fa?"

Ya kau da kai. "Bi da bi ake ginawa. Bana aka kai na ɗari huɗu."

Iya ta koma gida, ta ce wa uwar Kande ta wanke maɗacin da ta shafa wa nono. Ta wanke. Nonon ya riga ya ƙafe.