Asabar Ɗin da Lyle Ya Rasa

Lyle Brubaker ba shi da abin da ya kai masa ranar Asabar. Da suka rabu da matarsa Rhonda, kotu ta bar mata 'yarsu Marcy, shi kuma aka ba shi Asabar, daga safe zuwa faɗuwar rana. Ranar yake ɗauko yarinyar a akori-kurarsa, su ci fanke a shagon Otis, sannan ya kai ta filin shaƙatawa ta buga ƙwallo da sa'o'inta.

Gyaran na'urar ɗumama gida yake yi a garinmu Corbin Mills, nan jihar Ohio ta Amurka. Ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba. Ƙaramar bindiga ce dai ba ta barin ƙugunsa, kamar yadda ba ta bar na ubansa ba, kuma dokar jiha ta yarje masa.

Sai aka yi wata rigima a filin, majalisar gari ta fito da tata dokar: ba a shiga wurin da makami. Aka kafa allo a ƙofa, da hoton bindiga an ja mata jan layi.

"Mutumina, ka ga allon nan kuwa?" in ji Otis da safiyar wata Asabar, yana zuba masa kofi.

"Na gani. Fentin ya yi kyau."

"Ka bar ta a mota mana. Ba kana da akwati mai kwaɗo a ƙarƙashin kujera ba?"

"Otis, kai dai soya fankenka. Dokar jiha ta ce gari ba shi da hurumin yin doka a kan bindiga. Mutanen da ko ramin titinmu sun kasa cikewa, su ne za su kwance mini ɗamara?"

"To, sannu lauya. Yaushe aka yaye ku?"

"Ƙarya na faɗa?"

"Ban ce ƙarya ba ce. Amma Duane ne ɗan sandan da ke sintiri a fili yau, kuma magajin gari yake yi wa aiki, ba gwamna ba."

Marcy ta ja hannun rigarsa. "Baba, za mu makara fa."

Da suka isa, akwatin yana nan a ƙarƙashin kujera, makulli a aljihunsa. Bai taɓa shi ba. Sai ma ya cusa rigarsa cikin wando don kowa ya ga bindigar, ya wuce ta gaban allon.

Ana cikin wasa wata uwa ta buga wa 'yan sanda waya. Duane ɗan sanda ya zo. Aji ɗaya suka yi da Lyle a makaranta, shi ya sa ya yi masa magana ƙasa-ƙasa.

"Lyle, don Allah je ka kulle ta a mota ka dawo. Ni ban ga komai ba."

"Duane, kai ma ka san dokar nan ta banza ce."

"Na sani ko ban sani ba, ba ni ne alƙali ba. Ga motarka can, taka ka je."

"Ba inda za ni!" Ya ɗaga murya don sauran iyaye su ji. "Haƙƙina ne."

Duane ya yi ta roƙo har ya gaji. Daga nan ya karɓi bindigar, ya sa masa ankwa.

Marcy ce ke tsaron raga. Ta bar ragar ta sheƙo da safar hannu ba ta cire ba, tana ihu, "Baba! Baba!"

"Kar ki damu, 'yata," in ji shi, ana tura shi cikin mota. "Su ne za su ba ni haƙuri."

A kan ciyawa ta zauna kusa da wata 'yar sanda, ƙawayenta suna kallonta, har uwarta ta baro wurin aiki daga wani gari ta zo ta ɗauke ta.

Litinin aka sako shi. Kafin makon ya ƙare lauyan Rhonda ya je kotun iyali, aka dakatar da Asabar. Abin da ya rage masa ganin yarinyar na ɗan lokaci a wani ofis, ma'aikaciya tana zaune a tsakaninsu.

Ƙungiyar masu bindiga ta ɗaukar masa lauyoyi. Shari'a ta ja, aka shiga sanyi aka fita. A ƙarshe kotu ta ce gaskiyar Lyle ce, gari ya wuce huruminsa. Aka soke dokar, aka cire allon. 'Yan ƙungiya suka gasa nama, suka yi ta dukan kafaɗarsa.

Washegari ya nufi kotun iyali da murnarsa.

"Ranki ya daɗe, na ci shari'a. A mayar mini da ranata."

"Na ji, Mista Brubaker," in ji mai shari'ar. "Ni ba bindigarka na yi wa shari'a ba. An ce ka taka zuwa mota ka dawo, ka zaɓi a sa maka ankwa a gaban 'yarka. Na zauna da ita. Ta ce ba ta son fita ko'ina da kai, tana tsoron a sake tafiya da kai a bar ta. Ba zan tilasta mata ba."

Marcy ta daina ƙwallo. Ko ta gefen filin ba ta yarda a bi da ita.

Lyle yana nan. Duk Asabar za ku gan shi a shagon Otis, bindiga a ƙugu, babu mai ce masa uffan. Otis yana ajiye masa faranti ɗaya, bai taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba.

Jama'a, idan dokar gari da ta jiha suka yi karo, a kotu ake raba su, ba a gaban yaranku ba. Ku kulle makamin a mota, ku kai ƙara. Kotu tana iya mayar maka da haƙƙinka, amma ba ta iya goge wa ɗanka abin da ya gani da idonsa.